Kiran Baffa a Faifan Ƙarangiya

Jos, 2 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Adda Mashkura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan damina ta same ku lafiya, ke da ƙaninki Sale da iyalinsa da duk mutanen ruga. Mu nan Jos ruwa ba ya ɗagawa, ni kuma ciwon baya ya sa ni gaba, amma da sauƙi. Mai ɗakina Bilkisu tana gaishe ki, ko da yake ba ku taɓa haɗuwa ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Mutum uku na tambaya lambar wayarki, kowa ya ce kin hana a ba ni. Sai Nata'ala direba, mai jigila tsakanin nan da Dutse, ya ce in dai takarda ce zai kai ta har hannunki. In shekaru sun shafe ni a ranki, ni ne Zuhair, ɗan Inna Fatsuma ta Yalwawa, wadda ita da mahaifinki Baffa 'ya'yan wa da ƙani ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bana faifanmu na farko, Burtali, yake cika shekara ashirin. Mu huɗu muka kafa ƙungiyar Ƙarangiya a wani shago a Yalwawa, cikin Dutse, da jita biyu masu lantarki da ganguna da janareta na aro. Mu muna cewa kiɗan rok muke yi, maƙwabta suna cewa mun buɗe injin niƙa. Ba wanda ya zaci kaset ɗin zai wuce kasuwar Shuwarin. Yau ga shi waɗanda ba a haifa ba a lokacin suna kunna shi a waya, 'yan adaidaita suna rubuta baitocinsa a bayan kekensu, kuma duk wanda ya ɗauki jita ya rera da Hausa, in aka bi shi a hankali sai an ga sawunmu a hanyarsa.

Mun shirya wasa ranar Asabar 15 ga Nuwamba, bayan la'asar, a wani fili da ke bakin garin Dutse kan hanyar Kiyawa. Mu uku muka rage, ni da Muslim mai ganga da Sagiru, amma za mu buga faifan daga farko har ƙarshe. Kin san waƙar farko, Ku Taho Gida, da kiran shanu na Baffa take buɗewa, wanda na ɗauka a rugarku. Ba waƙar da mutane ke so kamarta. Shi ya sa nake so ki zo ki zauna a sahun gaba, ki zama babbar baƙuwarmu. Allah ya jiƙan Baffa, ya kyautata makwancinsa.

Ƙaninki,
Zuhair

Rugar Baffa, kusa da Kiyawa, 17 ga Agusta

Zuhair,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Sale lafiya, shanu lafiya, ni ma idon hagu ne kawai ke ruwa, shi ma an ce tsufa ne. Ka ce wa Bilkisu ina amsawa, ita ba ta yi min komai ba. Ciwon bayanka kuwa Allah ya sawwaƙe, duk da ban san me ka taɓa ɗauka mai nauyi ba.

Takardarka a tsaye na karanta ta, don ba ta kai a zauna mata ba. Ban manta ka ba. Ni na dama maka fura ranar da ka zo da 'yar rikodarka a aljihu, kana ta washe baki wai ka zo gaida Baffa. Da yamma ya fita ya kira shanu, ka tsaya a bayansa ka danna. Ba ka gaya masa abin da za ka yi da ita ba. Shi ya ɗauka wasan 'yan makaranta ne.

Tunda ka iya ba da labarin 'yan adaidaita da masu waya, bari ni ma in ba ka nawa tarihin faifan, don na ga kamar ba a kai maka shi Jos ba.

Wata huɗu bayan fitowar kaset ɗinku, ranar kasuwar Shuwarin, shanunmu suna kiwo a gefen kwalta. Wata bas ta tsaya a tsallake tana sauke kaya, direba ya ƙure rediyo. Kiran Baffa ya tashi. Shanu arba'in da biyu suka ɗaga kai lokaci guda suka nufi titi, domin tun suna maruƙa ba su taɓa jin wannan murya sun tsaya ba. Babbar mota tana tahowa da lodin gero. Goma sha ɗaya suka mutu a wurin, biyar daga ciki da juna biyu. Baffa yana tsaye da sandarsa, bakinsa a rufe, yana jin kansa yana kiran su.

Wannan ƙaddara ce, na yarda. Abin da ya biyo baya ne ba zan yafe ba. Labari ya bazu, samari suka mayar da abin wasa. Sai su ɗauko rediyo su laɓe a bayan gonar wani su kunna, shanu su ratsa dawa da gyaɗa a guje, su kuma su yi ta sheƙa dariya. Sau uku ana kai Baffa gaban dagaci. Dattijo da furfurarsa yana tsugune, waɗanda ya girmi ubanninsu suna nuna shi da yatsa. Daga ƙarshe ka san abin da ya yi? Ya shiga garke da bulala. Ya yi kira, duk wadda ta taho ya zane ta. Ya sake kira, ya sake zanewa. Kwana tara yana haka, har suka koyi gudu in sun ji muryarsa. Ina tsaye da ƙwarya ina kallo, hawaye yana bin gemunsa. Daga nan bai ƙara kiran saniya ba har ya koma ga Allah bayan shekara huɗu. Mu ɗin ma maganarsa da mu ba ta wuce ta dole.

A bayan kwalin kaset ɗinku kuwa me kuka rubuta? Na haddace shi: "Muryar wani makiyayi." Wani! Mai janareta ma kun sa sunansa.

Ka ce in zo in zauna a gaba. Zan zo bisa sharaɗi biyu. Ka tsaya gaban mutanen Dutse ka faɗi sunansa cikakke, ka faɗi abin da kiran nan ya jawo masa. Sannan ka cire shi daga wasanku, kada ya ƙara fita daga lasifikarku. Da ina iyawa da ni zan hau in faɗa, amma ka san tarbiyyar gidanmu. Ni ce 'yar fari, bakina bai taɓa kama sunansa ba, haka ma Sale. Kai da ka ɗauki muryar, kai za ka mayar da sunan.

Kada ka ƙara neman lambata. Ba na son jin muryarka, wadda nake ji a kasuwa ta ishe ni.

Mashkura

Jos, 21 ga Satumba

Adda,

Sallama da gaisuwa. Ina fata idon ya yi sauƙi. Ki daure ki je a duba shi a Dutse, kada ki bar shi a kan tsufa ne. Mu muna lafiya, sai Muslim da hawan jini ya kwantar kwana shida, amma ya tashi.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Sau huɗu ina rubutawa ina yagawa. Maganar shanu goma sha ɗaya na ji ta tun a lokacin, ita ce ma ta hana ni zuwa ta'aziyya da Baffa ya rasu, don ban san da wane ido zan dube ku ba. Amma maganar bulala wallahi ban taɓa ji ba sai a takardarki. Na yi kwana biyu ban taɓa jita ba.

Abu ɗaya ne kika ɗauka ba yadda yake ba. Ban rubuta "wani makiyayi" don raini ba. Da farko na sa sunansa, na kai wa Inna Fatsuma kwalin ta gani kafin a buga. Ta sa aka karanta mata, ta ɗago ta ce, "Kai yanzu mutumin da ke jan sallar ruga za ka manna sunansa a kayan kiɗa, a riƙa tallarsa a tasha? Goge shi, ko in saɓa maka." Na goge. A zatona mutuncinsa na rufe.

Game da sharuɗɗanki, na zauna da Muslim da Sagiru. Muslim ya ce in aka cire kiran to a cire waƙar, in kuwa aka cire waƙar to kowa ya zauna a gidansa. Gaskiya ya faɗa, Adda. Daƙiƙa arba'in ɗin nan mutane ke zuwa ji. Akwai wani ma'aikacin jinya da ya rubuto min daga ƙasar waje, ya ce ubansa ma makiyayi ne, shanunsu sun ƙare tun yana ƙarami, kuma in kewar gida ta kama shi ba abin da yake kunnawa sai wannan. Na ga magidanta suna kuka a wurin wasa saboda shi. Akwai ƙungiyoyi uku da na sani da suka fara kiɗa don sun ji shi. Kiran nan ya fi ƙarfina yanzu. Ba nawa ba ne, kuma ki gafarce ni, ba naki ba ne ke kaɗai.

Ga abin da zan iya. Za a sake buga faifan, zan sa sunan Baffa a kan kwali da manyan baƙaƙe. Amma ranar wasa ranar murna ce, mutane za su zo da iyalinsu. Ba na jin ya dace in tsaya in ba su labarin jini a kan kwalta. Ki duba maganar da idon rahama.

Ƙaninki,
Zuhair

Rugar Baffa, 29 ga Satumba

Zuhair,

Na amsa sallamarka. Idona yana nan yadda yake, kuma yana gani sarai. Ka gaida Muslim, ka ce ya rage gishiri da yawan magana.

Wata guda da kwana huɗu ka yi kana neman hanyar da za ka ce a'a, sai ga shi ka same ta har da ado. Ka jingina laifi ga Inna Fatsuma da ba ta duniya balle ta kare kanta. To na ji, ita ta ce ka goge suna. Ita ta ce ka laɓe a bayan dattijo da rikoda? Kwali kuma wa ke karanta shi yau? Kai da bakinka ka ce a waya ake ji. A gaban mutane aka tsugunar da shi, a gaban mutane za a tashe shi.

Ka ce kiran ba nawa ba ne ni kaɗai. Ka yi gaskiya, har ka tuna min da masu shi na asali. Na shanu ne. Don haka na yanke shawarar in mayar musu da abinsu.

Saura goma sha huɗu a garken nan, duk jikokin waɗanda suka tsira ne, ba wadda ta taɓa jin Baffa da rai. Na sayi 'yar lasifika a Shuwarin, na sa aka tura min waƙarka a waya. Kullum da yamma ina tsayawa inda yake tsayawa, in kunna kiran, in zuba dusa da kanwa a kwatarniya. Kafin jitarka ta shigo nake kashewa, don kada su yi amai. Kwana uku na farko ko kallo ban ishe su ba. Jiya Mai Farin Goshi, wadda ke jan garken, ta ɗaga kai tun kafin in zuba komai, ta taho tana sauri, sauran suka biyo ta.

Sale ya ce, "Adda, wannan abin ba kyau. Da Baffa yana nan ba zai yarda ba." Na ce da Baffa yana nan da ba sai na sayi lasifika ba. Ya juya ya koma bayan bukka. Ba zan ɓoye maka ba, duk yammacin da muryar nan ta tashi sai na ji kamar ana yankan ƙirjina da wuƙa marar kaifi. Amma ina dannawa.

Ga yadda za a yi, ina gaya maka tun yanzu don kada ka ce an yi maka kwanton ɓauna kamar yadda ka yi wa wani. Na je na ga filin naku. Akwai kwari a bayansa ta gabas. Ranar Asabar ɗin zan kawo su nan tun da hantsi, ba za su ci komai ba. In ka fara da magana, igiyar Mai Farin Goshi tana hannuna, zan ji sunan, in kora abina gida. In ka fara da kira, na saki. Sai ka ga yadda ake ji in mutum yana tsaye gaban jama'a abinsa yana watsewa, ana dariya.

Saura mako bakwai. Ka yi shawara da masu hawan jini.

Mashkura

Rugar Baffa, 26 ga Oktoba

Zuhair,

Sallama. Muna lafiya, an fara yankan dawa, shanu sun sami kara.

Sau uku Nata'ala yana wucewa, sau uku yana juya min tafin hannu. Ko ka ɗauka wasa nake, ko kuwa kana can kuna dariyar tsohuwar da ta haukace da lasifika. Ku yi ta yi. Shekaranjiya na gwada su daga nesa. Suna can tsallaken rafi na kunna, suka ratso ruwa a guje, Mai Farin Goshi ta ture kwatarniyar ta fasa ta. Wannan 'yar lasifika ce da ba ta kai ƙwaryar awo ba. Na ji an ce naku sun fi mutum tsawo.

Shirunka ma amsa ce, na karɓa.

Mashkura

Jos, 11 ga Nuwamba

Adda,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni ban da lafiyar kirki, barci ya ƙaurace min tun takardarki ta Satumba.

Adda, da kiran zan fara. Ki tsaya ki ji dalili.

Ba shiru na yi don raini ba, faɗa muke ta yi. Sagiru ya ce a kai ƙararki tun kafin ranar, na ce sai dai a fara kai tawa. Muslim ya yi mako biyu ba ya ɗaga wayata. Jiya muka daidaita. Na yarda da sharuɗɗanki duka biyun. Zan faɗi sunan Baffa, zan faɗi shanun da dagacin da bulalar, kuma daga ranar kiran ba zai ƙara fita a wasanmu ba. Na rubuta abin da zan ce a takarda don kada murya ta ci amanata.

Abin da suka roƙa, ni ma na ga hikimarsa, shi ne a sake shi sau ɗaya na ƙarshe kafin in yi magana. Ba ki san taron nan ba. In na hau na ce a saurara, ihu za su yi ta yi suna kiran sunan waƙa. Ba abin da ke sa dubban mutane su yi tsit sai muryar Baffa. In ya gama, ba ganga ba jita, sai ni da takardata.

Don Allah kada ki kawo shanun. In kuwa kin riga kin rantse sai kin kawo su, ki riƙe igiya daƙiƙa arba'in kawai. Abin da nake roƙo ke nan.

Ƙaninki,
Zuhair

Yalwawa, Dutse, 25 ga Nuwamba

Adda Mashkura,

Sallama. Ina fata kun koma gida lafiya, ke da baƙin da kika kawo mana. Lafiyata kuwa kin fi kowa sani. Tsintsiyar hannun hagu ta karye wuri biyu, an sa ƙarfe. Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa yadda suke ba. Da su nake danna tsirkiya. Ina jinya a tsohon gidan Inna Fatsuma.

Nata'ala ya rantse min ya ba ki takardata hannu da hannu ranar Alhamis, kwana biyu kafin wasa. Saboda haka na hau dandamali da natsuwa. Kira ya tashi, fili ya yi tsit yadda na gaya miki. Na sa hannu a aljihu na ciro takarda, har na warware ta. Ina ƙirga daƙiƙoƙi a zuci, na kai talatin, sai na ga mutanen gefen gabas suna darewa biyu. Ba su kula kowa ba, Adda, na ba ki wannan, kin iya horo. Kai tsaye suka nufi lasifika. Katakon dandamali ya girgiza, manyan lasifika biyu suka rikito, ni ina ƙasansu. Ina kwance ina ganin wata mai farin goshi tana lasar akwatin tana neman dusarta. Allah ya tsare, ban da ƙujewa da takalman da suka ɓata ba wanda ya ji ciwo sai ni. Dariyar da kike so kuwa an yi ta, na ji ta da kunnena.

'Yan sanda sun zo asibiti suna tambayar shanun wane ne. Na ce na wani makiyayi ne.

Ki sani kuma an ɗauki abin a waya, ya zagaya ko'ina. Yanzu ana ce mata waƙar da shanu ke amsawa. Bilkisu ta ce a shekara ashirin ba a taɓa jin Burtali kamar makon nan ba. Kowa yana tambayar muryar wane ne, ba wanda ya sani.

Ga takardar da zan karanta na sa miki a ciki. Tabon da ke gefenta na kofato ne. In idon bai bari ki gane rubutun ba, ga abin da ta ce:

"Jama'a, muryar da kuka ji yanzu ba ta wani makiyayi ba ce. Muryar Malam Idirisu ɗan Buba ce, na rugar da ke kusa da Kiyawa. Na ɗauke ta ban nemi izininsa ba. Saboda ita ya rasa shanu goma sha ɗaya rana ɗaya, aka tsugunar da shi gaban dagaci, ya doki garkensa da hannunsa har suka daina amsa masa, ya rasu bai ƙara kira ba. Duk abin da Ƙarangiya ta zama, a kan wannan ta tsaya. Yau ne ƙarshen jin sa daga gare mu. Ku yi masa addu'a."

Na yi niyya, Allah ya gani. Yanzu kuwa na fasa. Ba zan ƙara hawa dandamali ba, wannan kin yanke min. Masu rediyo suna ta kira, ba zan faɗa musu ba. Ba zan sa a kwali ba. Kin zo karɓar abu, kin karɓa. Sunan yana hannunki, ki yi yadda kika ga dama da shi.

Zuhair

Rugar Baffa, 9 ga Disamba

Zuhair,

Wa alaikumus salam. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu muna lafiya, sai dai Sale ba ya cin abinci tare da ni tun ranar.

Nata'ala bai yi maka ƙarya ba, ya ba ni takardar. Na buɗe ta a bakin titi, na karanta har inda ka ce da kiran za ka fara. Daga nan ban ƙara ganin komai ba. Na yaga ta huɗu na cusa a jaka, na ce ai magana ta ƙare. Sai da takardarka ta ƙarshe ta zo na zazzage jakar, na jera guntayen a kan faifai, na karanta sauran. Daƙiƙa arba'in. Na riƙe abin nan shekara ashirin, na kasa riƙe igiya daƙiƙa arba'in.

Kada ka ɗauka haƙuri na zo bayarwa. Da na hango ka daga bakin kwari kana faɗuwa, mutane suna dariya, na ji daɗi. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Sai dai daɗin bai raka ni gida ba, a hanya ya sauka. Kuma abin da ka gaya wa 'yan sanda na gane shi sarai. Ka rufa min asiri ka kuma mare ni da hannu ɗaya, wanda ya rage maka.

Ka ce in yi yadda na ga dama da sunan. To na gwada. Ranar kasuwar da ta wuce na tafi Shuwarin da takardarka. A kara, inda ake cinikin shanu, na tarar da mutane sun yi da'ira a kan wayar wani dillali, suna kallon faɗuwarka suna ƙyaƙyatawa. Wani yana cewa, "Wai don Allah wannan tsohon mai kira wane ne?" Na ce yau ko ni ko kunya. Na hau kan benci da tsufana, na ɗaga murya na ce ni na san shi. Aka juyo. Kara ta yi shiru, har masu awon hatsi suka matso. Akwai tsofaffi a ciki da na tabbata wasunsu sun taɓa laɓewa da rediyo a bayan gona.

Na warware takarda na fara. "Jama'a, muryar da kuka ji ba ta wani makiyayi ba ce. Muryar Malam..."

Nan na tsaya. Ina ganin baƙaƙen, ga su nan ɓaro-ɓaro da rubutunka, harshena ya manne a dasashi. Na koma farko na sake tahowa da gudu ko zan tsallake, na sake tsayawa a wurin. Sau uku. Wani dattijo ya ce, "Malam wa, Hajiya?" Wani ya miƙo hannu ya ce in kawo ya karanta min. Na hana shi. Ba a bakin ɗan kallo nake son jin sa ba. Na tsaya a kan benci har suka gaji, suka koma kan wayarsu. Na sauko ba wanda ya ma lura.

Ga takardarka na dawo maka da ita. Ban ninke ta a kan sunan ba.

Hannunka na karya, Zuhair, ban taɓa bakinka ba. Tun da muka fara rubutun nan sharaɗi nake gindaya maka, yau ba ni da ko ɗaya. Ba sai a dandamali ba. Ko a rediyo, ko a kara, ko a ƙofar masallacin Yalwawa bayan an sallame, inda dai mutum goma za su ji. Ka aiko Nata'ala ya gaya min rana, zan zo in tsaya a baya, ba shanu. Ban taɓa roƙon kowa komai ba tun da aka binne shi. Ina roƙon ka, ka faɗa.

Yayarka,
Mashkura